Yadda Ake Nazarin Tsofaffin Littattafan Ilimin Tashin Jirgin Sama a Gidajen Adana Kayan Tarihi

Mafi yawan waɗanda ke shiga gidajen adana tarihin jiragen sama a babban zaure suke tsayawa, inda aka rataye jirage a sama aka jera injuna a ƙasa, su kalla su fita. Kaɗan ne suka san cewa da yawa daga cikin irin waɗannan gidaje suna da ɗakin karatu a bayansu, kuma a can ne ake ajiye littattafan da suka ƙunshi lissafin da ya ɗaga waɗannan jirage daga ƙasa. Wannan bayani na wanda yake son shiga wancan ɗaki ne, ko ɗalibin injiniya ne, ko malami, ko mai sha'awar tarihin kimiyya. Abin da nake so ya riƙe tun daga farko shi ne, tsohon littafin ilimin motsin iska ba ya buɗe cikinsa ga mai kallo kawai. Sai wanda ya zauna da fensir ya sake yin lissafi ɗaya daga cikinsa da hannunsa, da ma'aunan zamanin marubucin, yake gane abin da marubucin ya sani da abin da ya ɓace masa.

Mataki na farko: ka tafi da tambaya guda

Kafin neman kowane littafi, ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Wanda ya je yana cewa yana son ya ga tsofaffin littattafan jirgi zai ɓata lokacinsa da na ma'aikata, amma wanda ya ce yana son ya san yadda aka fara auna ƙarfin da ke ɗaga fiffike mai lanƙwasa, nan take za a san littafin da za a ɗauko masa.

Domin tambayar ta zauna daidai, wajibi ne ka san jerin manyan ayyukan da zamaninsu. George Cayley na Ingila ya buga maƙalarsa mai suna On Aerial Navigation kashi uku a wata mujalla a 1809 da 1810, kuma shi ne ya raba matsalar tashi gida biyu: fiffike tsayayye ya ɗaga nauyi, wani abu dabam kuma ya tura jirgin gaba. A 1889 Otto Lilienthal ya fitar da Der Vogelflug als Grundlage der Fliegekunst a Barlin, wato tashin tsuntsu a matsayin tushen fasahar tashi, inda ya kawo sakamakon gwaje-gwajensa na shekaru a kan fukafukai masu lanƙwasa. Samuel Langley ya biyo da Experiments in Aerodynamics a 1891, Octave Chanute kuma da Progress in Flying Machines a 1894, wanda ya tattara kusan duk ƙoƙarin da aka yi kafin lokacinsa. Daga nan sai zamanin ka'idar lissafi: jawabin Ludwig Prandtl a taron masana lissafi na Heidelberg a 1904, a kan siririn shimfiɗin iska da ke manne da jikin abu; aikin Martin Kutta a 1902 da na Nikolai Zhukovsky a 1906 a kan lissafin ƙarfin da ke ɗaga fiffike; littafin Frederick Lanchester mai suna Aerodynamics a 1907; rahoton Gustave Eiffel, La Résistance de l'air et l'aviation, a 1910; sai The Elements of Aerofoil and Airscrew Theory na Hermann Glauert a 1926, da kuma mujalladai shida na Aerodynamic Theory da William Durand ya tace tsakanin 1934 da 1936. Idan ka san a wane gurbi tambayarka ta faɗa cikin wannan jeri, rabin aikin nema ya ƙare.

Mataki na biyu: ka gano inda littafin yake

Manyan wuraren da ake samun irin waɗannan littattafai sanannu ne. A Amurka akwai ɗakin karatun National Air and Space Museum na cibiyar Smithsonian a Washinton, takardun 'yan'uwan nan Wright, Wilbur da Orville, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a 1903, kuma suna Library of Congress. A Ingila akwai National Aerospace Library da ke Farnborough, mallakar Royal Aeronautical Society wadda aka kafa a 1866, da tarin Science Museum na Landan, sannan takardun Lanchester suna Jami'ar Coventry. A Jamus akwai Deutsches Museum a Munich da gidan tarihin Lilienthal a garinsu Anklam, a Faransa kuma akwai Musée de l'Air et de l'Espace a Le Bourget kusa da Faris.

Dukansu suna da kundin jerin littattafai a intanet. Ka nema da sunan littafin a harshensa na asali, domin sau da yawa neman littafin Jamusanci da sunan fassararsa ba ya fito da komai. Ka kuma duba ko an riga an ɗauki hotonsa an saka a intanet. Rahotannin hukumar NACA ta Amurka, wadda aka kafa a 1915 ta kuma rikiɗe zuwa NASA a 1958, ana samunsu kyauta a rumbun rahotannin NASA, ciki har da rahoto mai lamba 460 na 1933 wanda ya kawo sakamakon gwajin siffofin fiffike 78. Shawarata ita ce ka karanta kwafin intanet tukuna daga farko har ƙarshe, ka ware shafukan da hotonsu bai fito ba ko zanen da aka bari a naɗe, sannan ka nemi ganin littafin kansa saboda waɗannan.

Mataki na uku: ka tantance bugun

Nan ne masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Littafi ɗaya yana iya samun bugu biyu ko uku waɗanda abin da ke cikinsu ya bambanta. Littafin Lilienthal misali ne mai kyau: bugun farko na 1889 shi ne abin da ya rubuta da kansa, amma ya rasu a watan Agusta na 1896 bayan faɗuwar jirginsa mara inji, bugu na biyu kuma ya fito a 1910 da ƙarin bayani daga ƙanensa Gustav, kuma daga wannan bugu na biyu aka yi fassarar Turanci ta 1911. Wanda ya ɗauko magana daga fassarar ya jingina ta ga Otto a 1889 ba tare da ya duba ba, yana iya sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Haka littafin Glauert: bugun 1926 da bugu na biyu da ya fito bayan rasuwarsa ba su yi amfani da alamomin lissafi iri ɗaya ba. Littafin Eiffel ma an faɗaɗa shi bayan fitowarsa ta farko, kuma Jerome Hunsaker ya fassara shi zuwa Turanci a 1913.

Saboda haka ka kwafe duk abin da ke shafin suna da bayansa: shekara, gari, kamfanin ɗab'i, lambar bugu, sunan mai fassara idan akwai, da adadin shafuka da na zane-zanen da kundin ya ce littafin yana da su. Wannan adadi na ƙarshe zai yi maka amfani ranar da littafin ya zo hannunka.

Mataki na huɗu: ka rubuta musu tun da wuri

Ɗakunan karatun gidajen tarihi ba kamar na jama'a ba ne da ake shiga kai tsaye. Galibinsu sai da alƙawari, wasu littattafan kuma a ma'ajiya mai nisa suke. Science Museum, alal misali, yana ajiye babban ɓangare na tarinsa a Wroughton, nesa da Landan. Ka aika saƙo makonni kafin ranar da kake so, ka faɗi ko kai wane ne, da tambayarka, da lambar ajiyar kowane littafi, ka kuma tambayi ƙa'idarsu game da katin shaida da ɗaukar hoto. Kada ka nemi littattafai da yawa a rana ɗaya. Biyu ko uku sun isa wa mai karatu na gaskiya.

Mataki na biyar: yadda ake taɓa littafin

Yawancin littattafan wannan fanni an buga su ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da masana'antu suka koma yin takarda da ɓarzajjen itace mai tsami a cikinsa. Irin wannan takarda tana yin ja-ja, tana bushewa, har gefenta ya riƙa karyewa kamar busasshen ganye, shi ya sa littafin 1910 yakan fi na 1710 rauni, tun da wancan da takardar tsumma aka yi shi. Ka wanke hannu ka busar da shi sosai, kada ka shafa mai. Mutane da yawa suna zaton farar safar hannu ce ladabin taɓa tsohon littafi, amma yawancin masu adana littattafai sun fi son hannu tsirara mai tsabta, domin safa tana rage jin yatsu, tana kuma kama gefen takarda ta yaga shi. Sai dai idan hotuna ne na asali, a nan za su ba ka safar roba.

Fensir kaɗai ake shiga da shi. A ɗora littafin a kan matasan soso da za a ba ka, kada a buɗe shi ya kwanta shar a kan tebur, domin nan ne ƙashin bayansa yake karyewa. Idan shafi yana rufewa da kansa, akwai igiya mai nauyi da ake ɗorawa a gefensa. A juya shafi daga kusurwar sama a hankali, ba tare da jiƙa yatsa ba. Idan ka tarar da shafuka biyu da ba a taɓa yanke bakinsu ba, ko bangon fata da ke zubar da jan gari, ka tsaya ka kira ma'aikaci.

Abin da ya fi buƙatar haƙuri shi ne manyan zane-zanen da ake naɗewa a ƙarshen littafi. A littattafan gwaji irin na Lilienthal da Langley da Eiffel, a waɗannan takardu ne zuciyar aikin take. Kafin ka buɗe, ka lura da yadda aka naɗe, ka share wuri a kan tebur inda takardar za ta kwanta gaba ɗayanta, ka buɗe ninki ɗaya bayan ɗaya, sannan ka mayar da ita bisa tsohon layinta. Ka ƙirga su ka gwada da adadin da ka kwafo daga kundi, domin ba abin mamaki ba ne a tarar an cire ɗaya tun shekaru da dama.

Mataki na shida: ka fara daga na'urar gwaji

Kada ka fara karatu daga babi na ɗaya kamar labari. Ka nemi inda marubucin ya bayyana yadda ya samu alƙalumansa. Kafin bututun gwajin iska, wato bututun da ake hura iska a cikinsa ta bugi samfurin fiffike, ya yaɗu, wanda Francis Wenham ya gina na farkonsa a Ingila a 1871, da hannu mai juyawa ake gwaji: doguwar sanda da ake ɗaura faranti ko fiffike a bakinta tana zagayawa. Illar wannan na'ura ita ce fiffiken yana komawa cikin iskar da shi kansa ya riga ya dama, don haka gudun da aka rubuta ba shi ne ainihin gudun da fiffiken ya ji ba. Lilienthal ya lura da matsalar, shi ya sa ya ƙara da gwaji a fili cikin iskar Allah. Eiffel ya fara ne da sakin abubuwa daga hasumiyarsa, sannan ya gina bututun iska a gindinta a 1909, ya koma da shi Auteuil a 1912. Ka rubuta girman abin da aka gwada da gudun iskar, domin ƙaramin samfuri a iska mai rauni ba ya nuna halin babban fiffike daidai. Osborne Reynolds ya bayyana tushen wannan tun 1883 a gwajinsa na ruwa cikin bututu, amma an daɗe kafin masu gina jirgi su ɗauki darasin da muhimmanci, har NACA ta gina bututu mai matsattsiyar iska a 1922 saboda shi.

Mataki na bakwai: ka mayar da alƙaluman zuwa ma'aunin yau

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Injiniyan yau yana lissafin ƙarfin ɗagawa da rabin kaurin iska (wato yawan nauyinta a cikin wani ƙayyadadden girman wuri), sau gudu sau kansa, sau faɗin fiffike, sau wani adadi mara ma'auni da ya dogara da siffar fiffiken da kusurwar da yake fuskantar iska. Mutanen ƙarni na 19 ba haka suke yi ba. Suna fara lissafin ƙarfin da iska ke bugun faranti shimfiɗaɗɗe da ke tsaye a gabanta, sannan su ɗauki wani kaso nasa su ce shi ne ɗagawar fiffike a kusurwa kaza. Ke nan duk lissafinsu ya rataya ne a kan lamba guda, wadda ake jinginawa ga John Smeaton saboda maƙalarsa ta 1759: 0.005, idan gudu da mil a awa ne, faɗi da murabba'in ƙafa, ƙarfi kuma da laba.

Ka gwada da kanka. A gudun mil 25 a awa, 25 sau 25 ya ba da 625, sau 0.005 ya ba da laba 3.1 a kan kowace murabba'in ƙafa. 'Yan'uwan Wright, waɗanda suka fara da rubuta wa Smithsonian wasiƙa a watan Mayu na 1899 suna neman abin karantawa, da wannan lamba da jadawalin Lilienthal suka ƙera jirginsu mara inji na 1901, sai ya ba su kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗagawar da suka lissafa. Da suka koma gida suka auna da kansu, suka kuma gwada siffofin fiffike kimanin 200 a ƙaramin bututun iska da suka haɗa a ƙarshen shekarar, sai suka tsayar da lambar a 0.0033. Da ita, lissafin da muka yi ya sauka zuwa laba 2.1. Amma ka lura da kyau: gyaran lambar ya rage kashi ɗaya cikin uku ne kawai, bai cike giɓin duka ba. Sauran yana cikin siffar fiffiken. Na 1901 tsawonsa ƙafa 22 ne, faɗinsa 7, gajere mai faɗi, kuma lanƙwasarsa ta bambanta da ta fukafukan da Lilienthal ya auna. Na 1902 kuwa tsawonsa ƙafa 32 ne, faɗinsa 5, ya kuma tashi yadda aka so. Dalilin da dogon siririn fiffike ya fi gajere, wato guguwar iska da ke murɗawa a bakin fiffike, sai a littafin Lanchester na 1907 da ka'idar Prandtl ta 1918 da 1919 aka bayyana shi sosai. Wanda ya karanta cewa jadawalin Lilienthal kuskure ne kawai, ya tsaya a nan, ya zalunci mutumin.

A littattafan Jamus da Faransa za ka tarar da lambar a wata riga. Lilienthal ya yi amfani da 0.13, da mita a daƙiƙa, murabba'in mita, da kilogiram a matsayin ƙarfi. Farantin murabba'in mita ɗaya a iskar mita 10 a daƙiƙa zai ji kilogiram 13 a lissafinsa. Eiffel ya auna kusan 0.08 ga manyan faranti, wato kilogiram 8, wanda ya yi kusa da abin da aka sani yau. Domin mayar da irin adadin Eiffel zuwa na zamani, sai a ninka shi sau 16, tun da rabin kaurin iska a waɗannan ma'aunai kusan ɗaya bisa 16 ne. Tarko bai ƙare a nan ba. Littattafan Ingila na shekarun 1920, har da bugun farko na Glauert, ba sa saka rabin nan a lissafi, don haka adadinsu rabin na yau ne: inda suka rubuta 0.6, injiniyan yau 1.2 zai rubuta. Rahotannin cibiyar gwajin iska ta Göttingen a Jamus kuma sukan ninka adadin sau 100, su rubuta 120. Fiffike ɗaya ne, lambobi uku. Ka ware shafi guda a littafin rubutunka ga kowane marubuci, ka rubuta alamominsa da ma'aunansa da abin da za a ninka da shi, kafin ka kwafi ko lamba ɗaya daga jadawalinsa.

Akwai wata tsohuwar ka'ida da za ka riƙa cin karo da ita a littattafan kafin 1900, wadda aka ciro daga tunanin Isaac Newton na 1687 cewa iska tarin ƙananan ƙwayoyi ce da ke bugun abu ɗaya-ɗaya. A ƙananan kusurwoyin da fiffike ke aiki, ka'idar tana ba da ɗagawa ƙanƙanuwa ƙwarai, har wasu masana suka kafa hujja da ita cewa tashi da inji ba zai yiwu ba. Idan ka ga Langley ko Lilienthal suna ɓata shafuka wajen rusa ta, ka san da wa suke jayayya.

Mataki na takwas: ka karanta abin da ba a buga ba

Abin da littafin gidan tarihi ya fi hoton intanet da shi shi ne tarihin kwafin kansa. Ka duba cikin bango ko akwai sunan mai shi na farko, ko hatimin wata masana'antar jirage, ko saƙon kyauta daga marubucin. Ka duba gefen shafuka ko wani injiniya ya gyara lissafi da fensir, ka lura da babin da ya yi datti saboda yawan buɗawa da wanda ya zauna fes. Wani lokaci akan tarar da 'yar takardar gyaran kurakurai da kamfanin ɗab'i ya liƙa, wadda masu ɗaukar hoto sukan tsallake, alhali tana iya sauya alama guda a lissafi ta sauya sakamakon gaba ɗaya. Idan ka ga takarda a saƙale tsakanin shafuka, kada ka matsar da ita daga inda take, domin wurin da aka same ta shi ma shaida ne. Ka sanar da ma'aikaci. Ka tambaye shi ko akwai fayil ɗin da ya nuna yadda littafin ya shigo gidan, domin sau da yawa a can ake gano ko daga tarin wa ya fito.

Mataki na tara: hoto da rubuta madogara

Idan an yarda ka ɗauki hoto, ka kashe fitilar kyamara, ka fara da shafin suna da takardar lambar ajiya, domin hotunan da suka biyo baya su zauna da shaidarsu. Jadawali da zane ka ɗauke su gaba ɗaya tare da rubutun gefensu da ke nuna ma'auni, sannan ka matso ka ɗauki ɓangarori. Izinin ɗauka don nazari dabam yake da izinin bugawa: a ƙasashen Turai haƙƙin mallaka yakan kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, gidan tarihin kuma yana iya samun nasa sharaɗi a kan hoton kayansa, saboda haka ka nemi izini a rubuce kafin ka saka wani abu a maƙala ko a intanet. A madogararka ka rubuta bugu da shekara da shafi, ka ƙara da sunan gidan da lambar ajiyar kwafin, musamman idan hujjarka ta dogara da rubutun hannu da ke cikinsa. Kafin ka miƙa littafin, ka sake duba lambobin da ka kwafa ɗaya bayan ɗaya a gaban shafin, ka tabbata kowane zane ya koma ninkinsa, ka kuma gaya wa ma'aikacin duk wata yagewa ko shafi mai kwancewa da ka gani, domin a rubuta a kai shi wurin masu gyara.